Yadda Tsohon Birnin Kano Ya Shiga Raina



Duk lokacin da aka dawo daga dogon hutu, tambayar farko da ake yi wa juna a aji ita ce, "Ina ka je?" Wasu a gona suka yi nasu hutun, wasu sun je Katsina, wasu Mai'aduwa, wasu ma sun tsallaka Nijar wurin dangi. Ni kuwa Allah ya nufa na yi mako biyar a cikin tsohon birnin Kano, a gidan Goggona, ƙanwar Babanmu. Abokaina sun ce na ishe su da labarin Kano, har wani ya laƙaba mini suna Bakano. Shi ya sa na ga gara in rubuta labarin gaba ɗaya a manna a allon nan, mai so ya karanta a tsanake.

Abu na farko da zan faɗa shi ne Kano biyu ce. Akwai Kano ta waje, mai manyan tituna da gadojin sama da benaye da dubban Adaidaita Sahu. Ita ce muke gani a talabijin da waya. Sannan akwai cikin birni, wato tsohon garin da ganuwa ta kewaye, inda lunguna suke da ƙunci har wasu babur ma sai da dabara yake shiga. Wannan ta biyun ce nake nufi, ita ce kuma ta shiga raina.

Mun tashi daga Zango bayan sallar asuba, ni da Baffana wanda zai je sarin atamfa a Kantin Kwari. Muka canja mota a Daura, muka bi ta Kazaure da Dambatta, muka shiga Kano ta Dawanau. Damina ce, hagu da dama duk gero da dawa ne kore shar. Kafin azahar Baffa ya damƙa ni hannun Goggo ya wuce harkarsa.

Gidan Goggo yana wata unguwa kusa da gindin Dutsen Dala. Ginin ƙasa ne tun na kakan mijinta. Sai ka wuce zaure biyu kafin ka kai tsakar gida. Katangar soron tana da kauri sosai, rufinsa kuwa azara ce da ƙasa. Da rana tsaka, lokacin da ɗakunan kwano suke kamar tanderu, cikin soron nan sanyi ne kamar bakin randa, babu fanka babu komai. Mijin Goggo baduku ne, Baba muke ce masa. Babban ɗansu ya girme ni da shekara biyu. Da yake taubashina ne, tun daga ƙofa ya fara tsokanata, wai ga baƙauye ya zo birni, a riƙe masa hannu kada ya ɓata. Na ce masa daga ƙasarmu aka zo aka kafa musu sarauta, saboda haka ya gaishe ni da ladabi. Goggo ta yi ta dariya. Shi ne ya zama ɗan rakiyata duk tsawon hutun.

A kan Dutsen Dala

Kwana biyu da zuwana aka yi ruwa da dare. Da safe gari ya yi wasai, sai taubashina ya ce in zo mu hau Dala. Akwai matakala ta siminti har sama. Kafin mu kai ƙarshe ina haki, shi kuwa yana yi mini dariya. Da na tsaya a saman dutsen na duba, sai na rasa abin cewa. Mu a Zango ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ban taɓa ganin gari daga sama ba. Ga gidaje sun cika ido har inda sama ta haɗu da ƙasa. Ga Goron Dutse can gefe. Ga hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a da koren tulluwarsa. Shirwa ma a ƙasanmu take shawagi. Ana jin ƙarar garin daga nesa kamar kukan ƙudan zuma, da muryar almajirai masu karatu, da bugun maƙera.

Malaminmu na tarihi ya taɓa gaya mana cewa a gindin wannan dutse Kano ta fara, kuma mutanen farko maƙera ne masu narka tama. Ya ba mu labarin Barbushe, wanda yake shugabantar bautar Tsumburbura kafin zuwan Musulunci. A aji na rubuta wannan a littafi don jarrabawa. A kan dutsen kuwa sai na ji abin ya zama gaske, domin ga ni tsaye a inda aka yi shi. Gani ya kori ji.

Na kuma sami labarin wani Bajamushe matafiyi mai suna Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a shekarar 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Shi ma ya hau Dala ya zana hoton garin, ya kai wa mutanen Turai labarin kasuwancinsa da masaƙunsa da marinansa. Na yi ta tunani: mutum ya ƙetare teku da hamada a kan raƙumi don ya ga wannan gari, mu kuwa tafiyar rabin yini ce kawai a mota.

Marinar Ƙofar Mata

Wurin da ya fi kama zuciyata shi ne marinar Ƙofar Mata. Sau huɗu na je. A ƙofar shiga an rubuta shekarar 1498, wato an fi shekara ɗari biyar ana rini a wurin. Fili ne mai ramuka da yawa a jere kamar ƙananan rijiyoyi, kowane rami zurfinsa ya fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. Wasu an kife su da murfin saƙa mai kama da malafa don kada ruwan sama ya shiga.

Wani tsoho marini ya ga na tsaya ina kallo ban tafi ba, sai ya ce, "Yaro, matso kusa, kallo daga nesa ba ya koya wa mutum komai." Na durƙusa na gaishe shi. Hannayensa sun rine har gwiwa, farcensa baƙi ƙirin. Ya nuna mini abin da ake haɗawa: ganyen baba busasshe, da toka, da katsi, da ruwa. Ana zuba su a rami a bar su kwanaki su ruɓa, ana motsawa da doguwar sanda, har kumfa ta taso a sama. Warin wurin yana da ƙarfi, ranar farko sai da na toshe hanci, amma daga baya na saba.

Ga abin da ya ba ni mamaki. Tsohon ya tsoma farin ƙyalle a ramin, ya juya shi, ya ɗago. Da ya fito ba shuɗi ba ne, kore-kore ne. Ya riƙe shi a iska, ina kallo da idona launin ya riƙa juyewa har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa ya sake ɗagowa. Ya ce yawan tsomawa da shan iska shi ke sa launi ya yi duhu, mai son baƙi sosai sai ya yi haƙuri na sa'o'i. Da muka dawo makaranta na tambayi Malamar kimiyya, ta ce iskar da muke shaƙa ce take haɗuwa da sinadarin baba ta canja shi, kuma da zarar ya canja sai ya kama zaren, ruwa ba ya wanke shi da sauƙi. Ashe kakanninmu suna aiki da kimiyya tun ba a gina ɗakin gwaje-gwaje ko ɗaya a ƙasar nan ba.

Zanen da ake gani a jikin ƙyallen kuwa mata ne suke yin sa a cikin gida. Suna ƙulla ƙyallen da zare ko su ɗinke shi tamau, inda aka ƙulle rini ba ya shiga, idan aka kwance sai ado ya fito. A gefen marinar akwai mabuga. Suna zaune a jere suna bugun zane a kan gungume da manyan sandunan bugu har ya yi sheƙi kamar an goge shi. Bugun nasu yana tafiya tare kamar kiɗa.

Amma akwai abin da ya sosa mini rai. Ramukan da ake aiki da su kaɗan ne. Da yawa sun bushe, wasu ƙasa da leda sun cike su. Na tambayi tsohon dalili. Ya ce, "Ɗana, yadin kanti ya fi araha, kuma rinin bature minti kaɗan ne an gama. Baƙi masu zuwa kallo su saya ma sun ragu. Yaran yanzu kuma wa zai yarda hannunsa ya yi baƙi?" Ya ce shi a wurin mahaifinsa ya gada, mahaifinsa ma haka, amma cikin 'ya'yansa babu wanda yake zama a bakin rami. Bai faɗa da fushi ba, yana magana yana ci gaba da tsoma ƙyallensa. Da kuɗin da Goggo ta ba ni na kashewa na sayi ɗan ƙaramin ƙyalle mai zanen da'ira, na kawo wa Innarmu tsaraba.

Kasuwar Kurmi

Yawancin ranaku ina bin Baba zuwa rumfarsa a Kasuwar Kurmi. Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ne ya kafa wannan kasuwa, shi kuwa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Hanyoyin cikinta ƙanana ne, mutum biyu sai sun goga kafaɗa. Kowace sana'a da layinta: masu kayan doki, masu turare, masu ƙwarya da akushi, masu duwatsun wuya, masu littattafan addini, masu maganin gargajiya. Idan aka rufe maka ido, da hanci kaɗai za ka gane layin da kake.

Baba yana ɗinka jaka da takalmi da titimi da kube. Ya koya mini yadda ake huda fata da basilla da yadda ake jan zare kada ya yi sako-sako. Na ɗinka gidan laya ɗaya, ya ɗan karkace, amma Baba ya ce na fi taubashina hannu. Shi taubashin nawa ya ce ba komai, shi gyaran waya zai koya a Farm Centre. Baba bai ce uffan ba, ya dai ci gaba da yankan fatarsa.

Wata rana da kasuwa ta yi sanyi Baba ya ba ni labarin jar fatar akuya ta ƙasar Hausa. Ya ce a da ayarin raƙuma ne suke ɗaukar ta su ratsa Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can a kai ta Turai, inda ake ɗaure manyan littattafai da ita ana kiranta fatar Maroko, alhali daga Kano da Sakkwato take. Sunayen unguwannin birni ma suna ba da labarin baƙin da kasuwanci ya kawo: Tudun Nufawa, Agadasawa, Zangon Barebari, da Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna. Akwai ma unguwa mai suna Zango, kamar garinmu. Baba ya ce zango shi ne inda fatake suke sauke kaya su huta.

Ba zan manta da gurasa ba. Muna cin gurasa a nan ma, amma ta wajen Jakara daban ce. Da zafinta ake ciro ta daga tanderu, a yayyafa ruwa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa. Bandashe suke ce mata. Goggo ta ce idan na ƙara mako biyu wandona ba zai shige ni ba.

Gidan Makama

A mako na uku Baba ya ba mu kuɗin shiga Gidan Makama, wanda yake kusa da fadar Sarki. Tsohon gini ne na ƙasa tun zamanin Rumfa, yanzu an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi da takubba, da hotunan sarakuna da na dalar gyaɗa.

Mai yi wa baƙi bayani ya ji harshena sai ya tambaye ni daga ina nake. Na ce daga Zango ta ƙasar Daura. Ya ce, "A'a, ashe yau iyayen gida ne suka zo mana." Ya juya wurin sauran yaran ya ce bisa tarihin da aka gada, Bagauda, sarkin Kano na farko wanda ya hau a shekarar 999, ɗan Bawo ne, jikan Bayajidda wanda ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu. Na dubi taubashina, ya sunkuyar da kai. Ranar har muka koma gida bai ƙara ce mini baƙauye ba.

Mutumin ya kuma gaya mana cewa Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan baya suka riƙa faɗaɗa ta. A zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali da addinin Musulunci. A watan Fabrairu na 1903 kuma sojojin Ingila suka ci garin da manyan bindigogi, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato.

Ganuwa

Bayan wannan bayani sai na matsa wa taubashina mu je mu ga ganuwar da idonmu. Mun yi kwana uku muna zagayawa, wani wuri a ƙafa, wani wuri a Adaidaita. Mun ga Ƙofar Nassarawa, da Ɗan'agundi, da Na'isa, da Gadon Ƙaya, da Kabuga, da Ƙofar Ruwa, da Mazugal. Ƙofofin suna nan da sunayensu, ko da yake yawanci an sake gina su da siminti don motoci su sami hanya.

Ganuwar kanta ita ce abin tausayi. A wasu wurare tana nan kamar dogon tudu, awaki suna kiwo a kanta. A wasu wurare ruwan sama ya zaizaye ta. Wani wuri an ɗebi ƙasarta an yi bulo, wani wuri an gina shaguna da gidaje a kanta, wani wuri kuma juji ne. Akwai inda taubashina ya ce, "Nan ma ganuwa ce," na duba ban ga komai ba sai wurin wankin mota.

Da dare na tambayi Baba me ya sa gidansu yake tsaye amma ganuwa tana faɗuwa, alhali duk ƙasa ce. Ya ce, "Ginin ƙasa kamar jariri ne, kullum yana son hannu. Mu duk shekara kafin ruwa ya sauka muna yin yaɓe, mu gyara indararo. A da ita ma ganuwa haka ake yi mata, ana fitowa gayya, kowace unguwa da ɓangarenta. Yanzu kowa yana cewa ta gwamnati ce." Wannan magana ta zauna mini a rai. Abin da aka yi shekara ɗari tara ana riƙonsa yana iya ɓacewa a zamaninmu, muna kallo.

Ba zan ce komai na cikin birni mai daɗi ba ne. Idan aka yi ruwa kwatoci suna cika su malalo cikin lungu. Ruwan Jakara baƙi ne mai wari. Sauro kuwa ko na fadamarmu bai kai su ba. Ruwan sha ma sai an saya wurin 'yan garuwa. Duk da haka ranar da Baffa ya zo ɗaukata sai da na ɓuya a bayan soro na share hawaye. Ina ganin son gari kamar son ɗan'uwa ne, kana ganin aibinsa amma ba ka son abin da zai taɓa shi.

Abin da na tarar a gida

Da na dawo na zauna wurin Kakana ina ba shi labari. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, kai da ka je ka ƙirga ƙofofin mutane, zauna in ba ka na garinku." Ya ce bayan jihadi, lokacin da Fulani suka karɓi birnin Daura, sarakunan Haɓe na gidan Sarkin Gwari Abdu sun fita, daga baya wani reshe ya zauna a nan Zango, wani a Ɓaure. Shekaru masu yawa sarautar tana nan garin. Da Turawa suka zo, daga Zango aka ɗauki Malam Musa aka mai da shi Daura ya zama sarki, kuma zuriyarsa ce take sarautar Daura har yau. Na kai wannan labari wurin Malaminmu na tarihi, ya ce haka yake a rubuce. Wato garin da muke tafiya a cikinsa kullum zuwa makaranta ya taɓa zama mazaunin sarakuna.

Kakana ya haura shekara tamanin. Ya san inda tsofaffin rijiyoyi suke, ya san inda aka yi marina da maƙera, ya san dalilin sunayen unguwanni. Irinsa ba su da yawa yanzu, kuma abin da suka sani ba a littafi yake ba, a kansu yake. A Kano aƙalla akwai Gidan Makama. Mu idan tsofaffinmu suka tafi, wa za mu tambaya?

Saboda haka ina da roƙo guda uku. Na farko, ga 'yan ƙungiyarmu ta 'yan jarida: kowa ya sami tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya a gidansu ko unguwarsu, ya je da littafi da biro, ya yi gaisuwa da ladabi, ya tambayi yadda garin nan yake a da, da sana'o'in da aka daina, da asalin sunan unguwarsu. Duk mako sai mu manna labari ɗaya a allon nan, a ƙarshen zango mu haɗa su a ajiye a ofishin Shugaban makaranta. Na biyu, ga malamanmu: muna roƙo a shirya mana ziyara zuwa rijiyar Kusugu da fadar Daura. Ga su nan kusa, kuɗin mota kaɗan ne, amma na tambaya a ajinmu na tarar da yawa ba su taɓa leƙa rijiyar ba. Na uku, ga duk wanda Allah ya kai shi Kano: kada ya tsaya a Kantin Kwari da gadar sama kawai. Ya shiga cikin birni, ya hau Dala, ya je Ƙofar Mata ya gaida marina, in da hali ya sayi ko ɗan ƙyalle ne.

Ni na riga na fara nawa. Na cika shafi shida daga bakin Kakana, kuma ya yi mini alkawarin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai kai ni wurin wani abokinsa tsohon maƙeri. Duk mai son zuwa ya same ni a aji biyu lokacin tara, amma ya zo da nasa biron.

Allah ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.